Theft, robbery ko burglary: wace kalmar Turanci za ka ɗauka idan an yi maka sata?

Wata safiya bayan sallar asuba maƙwabcina mai shagon kayan masarufi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, idonsa jajir, takarda a hannu. An fasa masa shago cikin dare. An karya kwaɗo biyu, an kwashe katan-katan na madara da taliya, da buhun sukari uku, da 'yan kuɗin cinikin da ya bari a aljihun tebur. Ɗansa ɗan sakandare ne ya rubuta masa takardar ƙorafi da Turanci, shi kuma yana so in duba masa kafin ya kai wa hukuma. Layin farko ya ce an yi *armed robbery*, wato fashi da makami, a shagonsa. A layi na huɗu kuma ga sunan wani yaron unguwa da yake zargi.

Na ce, "Alhaji, ka ga wani da makami?" Ya ce a'a, shi yana gida yana barci. "Akwai mai gadin da aka ɗaure ko aka tsorata?" Ya ce babu kowa a wurin. Na ce to wannan kalmar da yaron nan ya rubuta, a dokar Najeriya hukuncinta kisa ne, kuma ka liƙa ta a jikin sunan ɗan mutane. Sai ya yi shiru, ya nemi wuri ya zauna.

Yaron da ya rubuta takardar ba shi da laifi. Ya buɗe ƙamus ne ya ga jerin kalmomi a ƙarƙashin sata, ya ɗauki wadda ta fi amo a kunne. Haka da yawanmu muke yi, alhali a Hausa ba ma yin wannan kuskuren. Ba wanda zai kira ɗan sane ɗan fashi, ko ya ce ma'ajin da ya yi sama da faɗi da kuɗin ƙungiya ya yi ƙwace. Bambancin da muke ji a bakinmu yana nan a Turanci, har ya fi tsauri, domin yawancin kalmomin nan sunayen laifuka ne da ke rubuce a kundin doka.

Abin da za ka auna da shi

Kafin ka taɓa kowace kalma, ka tambayi abin da ya faru tambaya uku. An tunkari mutum da ƙarfi ko da barazana? An shiga gini ba da izini ba? Kayan dama amana ce a hannun wanda ya cinye su? Amsar waɗannan ita ce ke raba kalmomin gida-gida.

Sannan ita kanta kalmar ina ɗora ta a kan ma'auni huɗu. Na farko tsada: me take jawowa idan ta shiga takarda, wato nauyin tuhuma, tsawon ɗauri, ko kuɗin inshorar da za a biya ko a hana. Na biyu ƙarko: shin tana ci a Kano da Legas da Landan da Amurka, a kotu da jarida da jarrabawa, ko kuwa ta wuri ɗaya ce? Na uku sauƙi: nahawunta da rubutunta. Na huɗu haɗari: yiwuwar a fahimce ka a karkace, ko ka ɓata wa wani suna.

Theft da steal

Wannan ita ce sata tsagwaronta: ɗaukar kayan wani ba da yardarsa ba, da niyyar raba shi da su. *Steal* shi ne aikatau, *theft* sunan aikin, *thief* ɓarawon. Kalmomi ne tsofaffi da suka taso tare da harshen tun asalinsa, shi ya sa kowa ya san su.

Wajen ƙarko babu kamarta. Dokar Ingila ta 1968 a kan sata da wannan kalma ta buɗe sashenta na farko, kuma iyakar ɗaurin da ta tanada yanzu shekara 7 ne. A arewacin Najeriya, kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960 shi ma *theft* ya ce a sashe na 286. A kudu kuwa, inda Criminal Code ke aiki, sunan laifin *stealing* ne, a sashe na 383. Dalilin wannan rabuwa tarihi ne: kundin arewa an gina shi ne a kan na Sudan, na Sudan kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Wasu jihohi sun sake fasalin nasu kundin, lambobin sassan sun motsa, amma kalmar tana nan.

Tsadarta ita ce mafi sauƙi cikin manyan ukun, haɗarinta ma haka, domin ba ta ƙara komai a kan abin da ka sani: kaya sun ɓace, wani ya ɗauka. Wahalarta ɗaya ce, sauyin aikatau: *steal, stole, stolen*. Na sha ganin *stealed* a takardun ɗalibai. Akwai kuma *thief* da mutanenmu ke mayarwa aikatau, su ce *he thief my money*. Wannan Turancin kasuwa ne, ya yi daidai a tasha, amma mai duba takardar WAEC zai ja masa jan biro.

Robbery da rob

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan daɗe.

*Robbery* fashi ne. Sata ce da aka haɗa da ƙarfi ko tsoratarwa a kan mutum, a daidai lokacin ɗaukar kayan ko dab da shi. Idan babu mutumin da aka tunkara, babu *robbery* a idon doka, ko da miliyan nawa aka kwashe. Idan kuwa an nuna wa mutum wuƙa an karɓe masa naira ɗari biyar, *robbery* ce cikakkiya. Ba yawan kayan ake dubawa ba, abin da aka yi wa mai kayan ake dubawa. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai gane wannan nan take, domin kusan rabon da malamai suka yi ne tsakanin sariƙa da hiraba: ɗaya a ɓoye, ɗaya da fin ƙarfi a bayyane.

Tsadarta tana da ban tsoro. A Ingila sashe na 8 na waccan doka ta 1968 ya ba alƙali damar yanke ɗaurin rai da rai. A Najeriya dokar fashi da makamai, wadda gwamnatin soja ta fara kafawa a 1970 bayan yaƙin basasa aka kuma sabunta ta a 1984, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga fashi, da hukuncin kisa idan da makami aka yi ko aka raunata wani. Wannan ita ce kalmar da yaron maƙwabcina ya ɗauka don ta fi daɗin faɗi.

Nahawunta ma yana da tarko. *Steal* yana bin kaya, *rob* yana bin mutum ko wuri. Ana cewa *they stole my phone*, ana cewa *they robbed me*, ana cewa *they robbed me of my phone*. Amma *they robbed my phone* kuskure ne a daidaitaccen Turanci, kamar ka ce an yi wa wayarka fashi ne ita kanta. *They stole the bank* kuma yana nufin sun ɗauke bankin ɗungurungum sun tafi da shi. Ga kuma harafin b da ake ninkawa: *robbed, robber, robbery*. Ka bar ɗaya, *robed* ya koma wanda ya sa alkyabba. Abin sha'awa, kalmomin biyu dangi ne tun asali, domin tufafi na cikin ganimar da ake tuɓe wa mutane a zamanin da.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: Turawa da kansu a hira sukan ce *we've been robbed* idan sun dawo sun tarar an fasa musu gida, kuma ba wanda zai gyara musu. Har farashi mai tsada sukan kira *daylight robbery*. A baki wannan ba komai. A takardar da za ta je gaban ɗan sanda ko alƙali ko kamfanin inshora ne abin yake zama matsala.

Tana da 'ya'ya. *Mugging* shi ne a tare mutum a titi ko lungu a ƙwace masa abin hannunsa. Kalmar jarida ce da hira, ba sunan laifi a kundi ba, kuma a kotu *robbery* za a kira ta. *Hold-up* fashi ne da bindiga a banki ko shago. *Snatching* fizge ne, kuma shi ya fi dacewa da ƙwacen waya idan an wafce ta ne aka ruga. Amma iyakar siririya ce. A wata shari'a a Ingila a 1987, wani ya fizge kwandon cefane daga hannun wata mata da ƙarfi, kotu ta ce wannan ya isa a kira shi fashi. Masu ƙwacen wayar da ke zare wuƙa kafin su karɓa kuwa, *snatching* ta yi musu sassauci ƙwarai. Abin da suke yi *armed robbery* ne, kuma ina ganin bai kamata mai rubuta labari ya rage masa suna ba.

Kundin arewa yana da wata kalma da ba kasafai ake jin ta a waje ba, *brigandage*, wato fashin da mutum biyar ko fiye suka haɗu suka yi. Idan ba takardar kotu kake fassarawa ba, ka bar ta inda take.

Burglary

Wannan fasa gida ne ko shago: shiga gini ba izini da niyyar sata ko wani babban laifi. Abin da take kallo shi ne ginin. Ita ce kalmar da ta dace da abin da ya sami maƙwabcina.

Ƙarkonta yana da ɗan rauni, domin ma'anarta tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A tsohuwar dokar Ingila sai an fasa gidan kwana cikin dare ake kiran abin *burglary*. Dokar 1968 ta cire sharaɗin dare da na fasawa, shiga ba izini kawai ya wadatar, kuma ɗaurin yana kaiwa shekara 14 idan gidan zama ne, 10 idan wani gini ne. Criminal Code na kudancin Najeriya ya riƙe tsohon tsari: da rana *housebreaking*, da dare *burglary*, daren kuma daga ƙarfe 6:30 na yamma zuwa 6:30 na safe. Kundin arewa ya fi amfani da *house-breaking* da *house-breaking by night*. Saboda haka idan kana son abin da zai ci ko'ina, *broke into* ya fi aminci: *someone broke into my shop*. Ba lauyan da zai yi maka gardama a kai.

Tsadarta ta fi fitowa a inshora. Yawancin takardun inshorar *burglary* suna sharɗanta a ga alamar an shiga ko an fita da ƙarfi, kamar karyayyen kwaɗo ko ɓallen taga. Idan yaron shagonka ne mai riƙe da makulli ya kwashe kaya, ka rubuta *burglary*, mai bincike zai zo ya ga ƙofa lafiya lau, ka rasa kuɗin, a kuma fara kallonka da zargi.

Aikataunta ya rabu biyu: Ingila *burgled*, Amurka *burglarized*. Mu nan tsarin Ingila makarantunmu ke bi. Sai wani abu namu na gida: a Najeriya ƙarafan da ake sa wa taga ake kira *burglary*, an gutsure daga *burglary proof*. Ka ce wa Bature ka sa *burglary* a tagoginka, zai yi ta kallonka bai gane ba.

Larceny

Sata ce dai, da rigar lauya. Ta shigo Turanci daga Faransanci. Ingila ta yi ritaya da ita a 1968, amma tana raye a dokokin jihohin Amurka da dama, inda ake raba *grand larceny* da *petty larceny* bisa darajar kayan. Kalifoniya, wadda ke cewa *grand theft*, ta sa iyakarta a dala 950. Idan ba labarin kotun Amurka kake rubutawa ba, ba ka da buƙatarta, kuma sa ta a wasiƙa don burgewa ba ya ƙara komai.

Satar da ake yi da biro da murmushi

*Embezzlement* shi ne a ba ka amanar kuɗi ka karkatar da su aljihunka, kamar ma'aji, akanta, ko jami'in gwamnati. Ba a fasa komai ba, ba a tsorata kowa ba, kuɗin da izini suka shigo hannu. Kundin arewa yana kiran irin wannan *criminal breach of trust* a sashe na 311, wato cin amana ke nan kai tsaye. *Misappropriation* 'yar'uwarta ce mai ɗan laushi, shi ya sa rahotannin binciken kuɗi suka fi son ta.

*Fraud* damfara ce: mai kayan da hannunsa ya miƙa, amma bisa ƙarya. Sashe na 419 na Criminal Code, wanda ya yi magana a kan karɓar kaya ta hanyar yaudara, shi ne ya ba 'yan damfara lambar da duniya ta san su da ita. A arewa laifin *cheating* ne, sashe na 320. *Scam* kalmar hira ce da jarida, *swindle* kuma ta ɗan tsufa. *Extortion* tatsa ce da barazana, kamar harajin dole da ake ɗora wa ƙauye, *blackmail* kuma barazanar tona asiri ce don a karɓi kuɗi.

Haɗarin wannan rukuni shi ne mafi girma ga mai rubutu, domin kusan kullum akwai sunan mutum a gefe, kuma mutum ne mai iya ɗaukar lauya. Kafin kotu ta yanke hukunci, *alleged* da *accused of* da *suspect* su ne garkuwarka, kamar yadda a Hausa muke cewa ana zargin wane.

Looting da banditry

*Loot* daga harshen Hindi Turawa suka aro ta a zamanin da suke Indiya. Wawaso ne: jama'a su afka wa shaguna ko rumbuna lokacin rikici, kamar yadda aka yi wa ɗakunan ajiyar kayan tallafin korona a garuruwa da dama a Oktoban 2020. Jaridun Najeriya sun faɗaɗa ta zuwa wawure baitulmali, har aka sami *Abacha loot*. Kalma ce mai ɗauke da hukunci a cikinta. Bayan guguwar Katrina a Amurka a 2005 an yi ta cece-kuce a kan hotuna biyu na mutane cikin ruwa ɗauke da kayan abinci: bayanin hoton baƙar fata ya ce *looting*, na fararen fata ya ce *finding*. Duk mai fassara labari ya kamata ya san wannan kafin ya ɗora wa mayunwata kalmar.

*Bandit* daga Italiyanci take, asalinta wanda aka kora daga gari. Ita jaridu suka laƙaba wa ɓarayin daji na Zamfara da Katsina da Sakkwato, kuma a kunnen Bature tana da ɗan ƙamshin tatsuniya, ba ta ɗaukar nauyin kisa da ƙona gari da garkuwa da mutane. A Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin 'yan ta'adda bayan hukuncin wata babbar kotu a Abuja. Ni dai na fi son a faɗi aikin da sunansa: *cattle rustling* idan satar shanu ce, *kidnapping for ransom* idan kuɗin fansa ake nema.

Ƙananan

*Pickpocketing* sane ne ko yankan aljihu. *Shoplifting* ɗauke kaya a kanti da rana tsaka kamar mai saye. *Pilfering* ɗauke-ɗauke ne kaɗan-kaɗan, irin halin ɓera a wurin aiki. Sauran ma sata suke nufi: *nick* da *pinch* na hirar Ingila ne, *heist*, wato babbar sata da aka tsara, na finafinai da kanun labarai ne, *purloin* da *filch* kuma sun fi zama a littafi.

| Kalma | Hausarta | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| theft, steal | sata | matsakaiciya | ko'ina | mai sauƙi | kaɗan |
| robbery, rob | fashi, ƙwace da ƙarfi | mai tsanani | ko'ina | nahawu da tarko | babba |
| burglary | fasa gida ko shago | babba | tana sauyawa da ƙasa | matsakaici | matsakaici |
| larceny | sata | ta danganta da darajar kaya | Amurka | ba ta zama dole ba | rashin fahimta |
| embezzlement | sama da faɗi, cin amana | babba | ko'ina | rubutu mai wuya | ƙarar ɓata suna |
| fraud | damfara, zamba | babba | ko'ina | mai sauƙi | ƙarar ɓata suna |
| looting | wawaso | ba sunan laifi ɗaya ba | jarida | mai sauƙi | son zuciya |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ɗalibi mai shirin jarrabawa, *steal* da *rob* da *break into* sun ishe ka, muddin ka riƙe wanne ke bin kaya, wanne ke bin mutum. Ka ƙara *burglary* da *fraud*, ka bar *purloin* a ƙamus.

Ɗan jarida ko mai fassara, ka yi tambayoyin nan uku kafin ka rubuta kanu, ka bi kalmar da ke cikin takardar tuhuma idan an riga an gurfanar da mutum, kuma kada *alleged* ta bar gefen sunan kowa sai alƙali ya yi magana.

Mai cike takardar inshora, ka karanta yadda kamfanin ya fassara kalmar a cikin yarjejeniyarku, domin tasu fassarar ce za ta yi aiki. Ka ɗauki hoton kwaɗon da ƙofar kafin a gyara.

Wanda ke zaune a Ingila ko Amurka yana kiran 'yan sanda, idan akwai wanda aka tunkara ko ɓarawon yana ciki har yanzu, ka faɗi haka da farko. *Robbery* a kunnensu tana nufin rai na cikin haɗari.

Mai kai ƙorafi ga hukuma a gida, kamar Alhaji, ka bar wa masu bincike sanya wa laifin suna, kai ka faɗi abin da idonka ya gani. Takardar da muka sake rubutawa a zauren gidana da safen nan ta fara ne da *My shop was broken into last night and the following items were stolen*, sai jerin kayan da kimar kowanne, sai bayanin kwaɗo biyun da aka karya. Sunan yaron unguwar mun cire shi, tunda Alhaji da bakinsa ya ce bai gan shi ba.